Tsumma a Bututun Iska

Litinin, 3 ga Maris

Sati uku ke nan babur ɗina yana jingine a tsakar gida. Yau ma na makara a asibiti, mota biyu sannan tafiyar ƙafa. Shugabarmu ta kira ni ofis, ta ce in na sake makara a watan nan za a ba wata gurbina. Da na gaya wa Baban yara, cewa ya yi, "Ai bakanike ya ce inji ya buga. Ki haƙura da aikin mana, ga shago na buɗe miki." Kullum dai shagon nan.

Asabar, 8 ga Maris

Na je garejin Kawu. Idonsa ya yi rauni, bakin kuwa lafiya lau. Na roƙe shi ya zo ya duba min babur, ya ce ba zai shiga gidan suruki ya taɓa abin da ba a kira shi a kai ba. "Amma hannunki ai naki ne, 'yar nan." Ya zaunar da ni gaban wani tsohon babur. Wai abu uku inji ke ci: wuta, mai, iska. A bi su ɗaya bayan ɗaya, ban da tsallake. Ya nuna min yadda ake kwance fulogi, a ɗora shi jikin inji, a buga kik a ga ko zai ba da tartsatsi. Wutar ta ja ni har na yar da sifana. Ya yi ta dariya, wai mai tsira wa mutane allura ga ta tana ihu.

Lahadi, 9 ga Maris

Na gwada a nawa bayan Baban yara ya fita. Akwai wuta. Kuma Kawu ya ce injin da ya buga, kik ɗinsa ba ya sauka. Nawa yana sauka sumul. Wataƙila bakaniken ne bai san aikinsa ba.

Asabar, 15 ga Maris

Yau Kawu ya nuna min kafireta, inda fetur ke bi ya shiga inji. Na ɓatar da wani ɗan ƙaramin sukuru, muka yi ta lalube a ƙasa. Farcena duk baƙin mai. Da na dawo na duba nawa, fetur na sauka. Saura iska.

Lahadi, 16 ga Maris

Na kwance murfin matatar iska, na zura yatsa cikin bututun. Tsumma ne, an cusa shi can ciki, an danna. Shuɗi. Tsohuwar rigar Baban yara ce da na yayyanka don goge-goge, har da ɗinkin da na yi wa aljihun da hannuna. Sukuru huɗu ne a murfin nan, tsumma ba ya kwance su da kansa.

Na zare shi, na mayar da murfi. Kik uku ya tashi.

Ƙarar ce ta fito da shi daga ɗaki. Ya kalli tsumman a hannuna, bai ko yi musu ba. "Don lafiyarki na yi, Maman yara. Hanyar nan cin mutane take." Ashe babu bakaniken da ya taɓa ganin babur ɗin.

Ba tsumman ne ya fi ci min rai ba. Kullum da safe shi ke raka ni bakin titi, ya riƙe min jaka, yana ce min sannu da wahala. Ni kuma ina ta godiya. An cuce ni, kuma da fara'a.

Litinin, 17 ga Maris

Na riga shugaba isowa.

Alhamis, 27 ga Maris

Muna gaisawa, muna cin abinci tare. Ya ba ni haƙuri sau biyu, na ce ya wuce.

Yau da safe nasa babur ɗin ya ƙi tashi. Yana ta buga kik, gumi na zuba, ga shi an kira shi wurin aiki. Daga inda nake tsaye na hango hular fulogin ta zame, dannawa kawai take buƙata. Ya ɗago a kunyace ya ce, "Ko za ki ɗan duba min?"

Na ce, "Ni da nake koyo, me na sani?" Na tayar da nawa na fita.

Gajiya ce kawai, ina jin. Shekara tara ban taɓa yi masa ƙarya ba. Abin da ya dame ni, ko muryata ba ta yi rawa ba.