Abin da Buta Ta Gaya wa Kaka Delu

Kara-Kara, Damagaram
6 ga Mayu, 1984

Zuwa ga Kakata Delu, a Gidimuni,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya kuma haƙurin wannan shekara? Kawu Inusa, na san kai za ka karanta mata, ka yi haƙuri da abin da za ka gani.

Kaka, ciwon marar nan ya ƙi ni. Kamar an zuba mini garwashi a mafitsara. Jiya sau goma sha huɗu na bar yara a aji na fita, kuma abin da ke fitowa bai cika cokali ba. Likita ya auna, ya ce babu ƙwayar cuta, allura ma ba ta yi komai ba. Diraktan lakwal, wato shugaban makarantarmu, ya ce in aka dawo daga bakans, dogon hutun damina, haka nake, zai ba wani ajina. Kin san buhun hatsin da ke iso muku duk wata daga aikin nan yake fitowa.

Na gode da tsamiya da barkono. Ina shan jiƙon tsamiyar safe da yamma kamar yadda kika ce. Zan zo in yi bakans wurinki.

Jikarki, Bintu

Kara-Kara
14 ga Oktoba

Kaka,

Bayan gaisuwa, na iso lafiya. Akwai abin da na kasa faɗa miki baki da baki don kunya.

Wata uku na yi a ɗakinki, ba mu da komai sai kunun kanwa da tuwo da miyar kuka, wadda ko yaji babu. Tabki ya ja baya, garka ta bushe, maƙwabta na jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, don su ci. A cikin wannan halin ne ciwona ya kwanta, har na manta ina da mara! Ikon Allah, Kaka. Shekarar da mutane ke ramewa, ni a cikinta na samu lafiya. In na tuna sai kunya ta kama ni.

Kwana shida da dawowata ciwon ya taso, ya fi na da. Maƙwabciyata Indo ta ce gidan ne ba lafiya, in tashi. Dirakta ya ba ni zuwa ƙarshen wata. Tsoro nake ji.

Bintu

Gidimuni
21 ga Oktoba

Zuwa ga ƙawata Bintu, madam mai ilimi,

Ina gaishe ki, ina gaida Indo, ki ce mata ta bar gida ya huta, bai yi laifin komai ba.

Ni ban yi lakwal ba, amma bana ruwa ya koya mini ƙirga. Tulu biyu muke samu a rijiya, saboda haka na san inda kowane ɗigo ke tafiya. Ni ke cika miki buta. (Inusa na ta sunkuyar da kai. Rubuta, na ce!) Satin da kika zo, cikawa shida nake yi a yini. Da tsamiyarmu ta ƙare muka koma kanwa, ta dawo uku, daga baya biyu. Ranar sunan gidan Nomau kika sha shayi kofi biyu, kika ci ɓarin goro, washegari buta biyar. Ranar da maƙwabciyarmu Kulu ta kawo mana miyar yakuwa, buta huɗu. Na ce a raina bari in ƙara gani.

To yanzu gaya mini, me kika tarar a Damagaram? Kafe, gahawar nan taku, da safe, shayi da hantsi, miya ja wur da tumatir da barkono, ga lemun tsami. Ko ƙarya nake?

Ki ajiye su duka sati biyu. Ki ci tuwo da kuka ko kuɓewa, da kabewa in kin samu. Kuma ki daina ƙin shan ruwa don gudun fita, na lura da ke, ranar da kika yi haka kin fi murƙususu.

Allah ya ba ki lafiya.
Kakarki, Delu

Kara-Kara
12 ga Nuwamba

Kaka,

Na karanta takardarki sau uku, bakina a buɗe. Yadda kika ce haka na yi. Kwana huɗun farko kaina kamar zai tsage don rashin shayi. A rana ta tara na koyar tun ƙarfe takwas har aka kaɗa ƙararrawa, ban fita ba. Na tsaya gaban allo hawaye na zuba, yara na kallona.

Na kai wa likita takardar. Da ya karanta, sai ya tambaye ni a wane asibiti kika yi aiki. Na ce a bakin tulu. Ya ce ciwon ba ya warkewa ɗungurungum, kuma abin da ke tayar wa wani ba lalle ya tayar wa wani ba, in riƙa gwada abinci ɗaya ɗaya. Albasa dafaffiya ba ta taɓa ni ba. Tumatir ya rama har da ƙari.

Dirakta ya bar mini ajina. Buhunku na bisa kamyon, babbar motar direba Mala, ranar Alhamis.

Abu ɗaya ban gane ba. A jerin abin da kika hana ni, kin tsallake jiƙon tsamiya, amma ni na bar shi.

Bintu

Gidimuni
19 ga Nuwamba

Bintu,

Buhu ya iso, Allah ya yi miki albarka.

Ban tsallake ba, bakina ne ya kasa. Shekara biyu ni ke kakkaɓo tsamiyar nan da gora, in ƙulle ta da hannuna, in aiko miki da sunan magani. Tun ranar da buta ta koma uku na gane, na shiga ɗaki na zubar da hawayena. Ki yafe mini.

Ga garin kuka ƙulli biyu. Na ɗanɗana, ba ta da daɗin komai. Ki ci.

Kakarki, Delu