Kafaɗar Hagun Baba

Zuwa ga ƙanena Réjean,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a can Yukon. Allah ya kare ka daga sanyi da sharrin aiki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Mama da ke tashi in hadari ya haɗu. Cukun da nake sayarwa kuwa yana tafiya a kasuwa.

Dole in yaba wa masu shirya tseren keken dattawa na bana, mutane ne masu hangen nesa. Ba su rufe titi ba, don kada a takura wa tankokin madara. Doka suka kafa: duk mai keken da ya ƙetare layin tsakiya an cire shi. Tankokin ne dai aka manta ba a karanta musu komai ba.

Ka san kunnen Baba na hagu ya daɗe da yin ritaya. Shekara goma sha ɗaya kai ke tuƙa kekenka a wannan gefen nasa, tsakaninsa da motoci, in wata ta taho ka taɓa masa kafaɗa ya matsa. Ranar Lahadi da aka yi tseren, shi ke gaba har kwanar coci, inda ake karyawa hagu. Ina tsaye a wurin, na ga ya sassauta, ya karkato kafaɗa yana jiran hannun da ba ya nan. Da ya ji shiru sai ya sauke ƙafa, ya waiga da kansa. Nan take tanka ta shige, iskarta har tana kaɗa masa riga. Ovila, abokin hamayyarsa, ya zarce yana masa tsiya, wai in bas tsoho ke jira, ba nan take tsayawa ba.

Baba ya zo na huɗu, ya ce in da rai da rabo. Mama kuwa ta rataye kekensa a gareji, ta rantse ba zai sake tsere ba sai da mutum a hagunsa. Na ce zan yi, ya ce ni ko a kasuwa ture mutane nake. Bai ambaci sunanka ba, ka san halinsa. Amma kowace Asabar sai ya sauko da naka keken, ya sa wa sarƙa mai, ya hura tayoyi.

Mama da Gwaggo Fernande suna gaishe ka. Ka gaida matarka Solange.

Yayarka,
Ghislaine

Af, akwai wani tseren a ƙarshen Satumba. A ganinka wa yake hura wa tayoyin nan?