Hoton Babanku a Ɗaki na Huɗu

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da ɗan angona mai rowar murmushi. Mu nan da sauƙi. Yayarka lafiya lau, sai ƙiba. An cire wa mijinta haƙorin nan, ya daina hana mutane sakat. Kawunka ne ba daɗi, ƙafar ta sake kumbura. Ni jikina ƙalau, abinci ne kawai ba ya wucewa.

Ban faɗa maka ta waya ba, don in na fara kuka ba abin da za ka fahimta. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri da ɗalibar ajin yamma.

Maganar hoton babanku ce, na gidan tarihin yaƙi, wanda nake ta cewa ka zo in kai ka. Ka san shi kaɗai ya rage tun da gidanmu ya ƙone ina da cikinka. Shekara tara ina zuwa ɗaki na huɗu, inda aka rataye shi. Nakan sa kayana masu kyau, in ce wa duk wanda ya matso, "Mijina ne wannan, mai jingine da babbar mota." Sai su dube ni su wuce. Na ɗauka girmamawa ce.

Ran Talata na je da sabon tabarau, na bi rubutun ƙasan hoton da yatsa kamar yadda malama ta koya mana. An rubuta: "Mutanen gari da suka ci amana, suna yi wa abokan gaba jigilar kaya cikin murna."

Sau uku na karanta, ko ni ce na yi kuskure. Ashe yayarka ta daɗe da sani. Shi ya sa kullum na ce mu je sai ciwon kai ya kama ta.

Auta, da bindiga sojojin can suka fitar da shi daga gida, shi da motar, bai ƙara dawowa ba. Ko takalmi ba su bari ya sa ba, ga ƙafarsa nan a hoton. Murnar da suke faɗa kuwa rana ce ta haske masa ido. Haka yake yage baki in rana ta dame shi. Kai ma haka kake yi.

Na fito da waya in ɗauki fuskarsa kawai, sai mai gadi ya tare ni. A ɗakin jarumai kowa ɗauka yake, har hawa tankar yaƙi ake yi. Ɗaki na huɗu ne aka hana, wai kada a yaɗa a tada tsohon faɗa. Na ce zan rufe rubutun da mayafina. Ya ce, "Mama, ki rufa mini asiri, da aikin nan nake ci da yara biyar." Da ya ga hawayena sai ya rage murya, ya ce ya ji mutanen can ma suna da hoton a nasu gidan tarihin, sun rubuta wai masoyan da suka tarbe su ne. Kowa ya rubuta nasa. Ni da aka fizge shi daga hannuna ba wanda ya tambaye ni.

Ya kai ni ofis wajen wata mata. Ta ba ni kujera da ruwa, ta ce ran ashirin ga wata za a rufe ɗakin, a kwashe hotunan zuwa sito, ba ta san ko za su sake fitowa ba. Za ta iya ba ni kwafi, amma da rubutun a jiki, ba a rabawa. Kuma sai na cike takarda da cikakken sunansa da na 'ya'yansa, ya shiga rajistarsu, duk mai bincike ya gani. Yanzu ba wanda ya san ko shi wane ne sai ni da bakina.

Kai ke ɗauke da sunan nan a takardun aikinka, kuma makarantar gwamnati kake koyarwa. Angona ma da shi zai tashi. In na rubuta, na liƙa muku cin amana. In na bari, ka rayu ka mutu ba ka ga fuskar ubanka ba.

Takardar tana cikin akwatina, kwanan wata kawai na cike. Sunansa ne abu na farko da na roƙi malama ta koya mini, ban san a nan ne za a fara neman in rubuta shi ba.

Don Allah amsarka ta same ni kafin ran sha takwas, ranar ce ta ƙarshe da matar za ta karɓa. In ka ce a'a ba zan ji haushi ba. Amma ka nemi izini ko na yini ɗaya ka zo ka gan shi da idonka. Zan tsaya a gaban rubutun, ka dubi sama kawai.

Ka gaida matarka da kyau.

Ni ce,
Mahaifiyarka