Baba Ya Ɗauka Kunnensa Ne Ya Warke

Anti Ummukulthum, don Allah ki taimake ni da shawara, abin dariya ne amma ya hana ni sakat.

Mahaifina mai sassaƙa ƙarfe ne da inji. Da rikici ya taso mu daga Borno, a unguwar Bagadaza da ke Gombe ya sake kafa shago. Da kunne yake aiki, daga kukan inji yake gane bakin da ke yankan ƙarfen ya ɗauki nauyi. To kunnen ya fara nauyi, bakin ya riƙa karyewa, ya daina fara'a.

Ni kuwa injiniyanci na karanta. Nakan duba taurin ƙarfen, da zurfin yankan, da saurin tura bakin, in lissafa ƙarfin da zai hau kansa. Idan ya tafi sallar azahar sai in rage zurfin. Karyewa ta tsaya. Shi kuma ya ɗauka maganin ɗigawa a kunne da maƙwabcinmu Baba Titus ya ba shi ne ya yi aiki, har kaza ya aika masa. Yanzu yana aiki yana waƙa da Barbarci.

Wata mai zuwa zan tafi bautar ƙasa, ga shi ya karɓi aikin sassaƙa sandar ƙarfe ta wani babban injin niƙa. Ina tsoron bakin ya fashe ya ji masa ciwo. In faɗa masa, ko in bar shi da murnarsa?

'Yar Baba, Gombe

'Yata, na yi dariya, kuma Allah ya yi miki albarka. Kin tsare mutuncin mahaifinki. Amma ɓoyon ya isa haka, tunda tsinin ƙarfe na iya samun ido.

Shi ma ki duba nasa ɓangaren. Wannan sana'a ce ta tsayar da shi a garin da ya zo baƙo. Kada ki fara da zancen kunne, kada kuma ki yi maganar a gaban mutane. Ki same shi ku biyu, ki roƙe shi ku yi aikin sandar tare kafin ki tafi. Ki nuna masa lissafinki, ya gwada da hannunsa, sannan ki faɗa masa gaskiya duka. Zai ɗan yi fushi, amma ina zaton kafin la'asar ya fara yi wa maƙwabta alfahari da ke. Daga baya ki lallaɓa shi ya ga likitan kunne, ki kuma saya masa tabarau na kariya.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya kai ki bautar ƙasa lafiya.