Masarar da Na Shayar da Ruwan Alwala

Zuwa ga Nuriyya, sanyin idona, inuwata da tsakar rana, yayyafin farko a kan kwanon gidajen unguwarmu Alabar,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, na karanta har na haddace. Kin ce gonar binciken nan ta kusa da Tamale ta ɗauke ki aiki na dindindin, kuma kafin Juma'a kina son amsa ɗaya: zan bar Kumasi in biyo ki a ɗaura mana aure, ko ki cire rai da ni? Wayyo Nuriyya! Ana tambayar mutum ko yana son numfashi? Na ɗauki waya sau uku ina ajiyewa, shi ya sa na koma ga alƙalami.

Bari in fara da laifina. Kin tuna ƙwayar masara uku da kika shuka mini a bayan makarantar Baba ranar da kika zo sallama? Kin durƙusa, lallen hannunki duk ƙasa, kina bayani, ni kuwa bakinki nake kallo. Kin ce ƙarfin masara ba a ganye yake ba, a saiwa yake. In saman ƙasa ya bushe sai ta nutsa can ciki, ta bi laima inda rana ba ta kaiwa, da haka take tsallake fari. Kin ja mini kunne in bar ta ta ɗanɗani ƙishi.

Ni fa ɗan malam ne, a gidanmu ba a zubar da ruwan alwala a banza. Sai na mai da gindinta wurin alwalata. Sau biyar a rana buta tana kanta, ina wanke fuska ina tunaninki, Allah ya yafe mini! Ta yi kore shar, har ina cika baki. Ina zan iya kallon abin da hannunki ya taɓa yana jin ƙishi?

Sai ɓarin jikin Baba ya shanye. Kwana goma sha biyu ina asibiti da shi, sama ba ta zubo ko ɗigo ba. Na dawo na tarar da masararki kwance, wata kuwa da ta fito da kanta a bakin kwata, wadda ba wanda ya taɓa kulawa da ita, tana tsaye abinta. Da yatsa biyu na tuge taki. Saiwar ko tsawon ɗan yatsana ba ta kai ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, don ni na kashe ta da so, kuma don haka aka rene ni a gidan nan, ban taɓa nisa da butar Baba ba.

Ranar da aka sallamo shi, a gaban dattawan masallaci, ya damƙa mini makullin makaranta da hannunsa mai rai. Bai iya magana ba, idona kawai ya kalla. Ɗalibai sittin, da limancin unguwa, da tsohon da ni kaɗai yake yarda in juya shi a shimfiɗa. Ta wace ƙofa zan fita, hasken raina?

Kada ki ce ban gwada ba. Jiya na ɗauki jaka na tafi tashar Race Course, na hau motar Tamale, na zauna ta taga. Saura mutum biyu ta cika aka kira la'asar. Na san a Alabar sahu ya miƙe, an turo Baba a kekensa, kowa yana waiwayen ƙofa ana jiran in shigo in ja salla. Nuriyya, da ƙafata na sauko.

Ga amsata, tana ƙona ni: ba zan iya zuwa ba. Ba kuma zan ce ki ajiye aikinki ki dawo ki shiga wannan ɗaki da ni ba, son da nake miki ya fi ƙarfin haka. Idan Juma'a ta yi kin zaɓi wani, ki aiko mini da ranar ɗaurin auren. Zan tara ɗalibai mu sauke miki Alƙur'ani, in yi miki addu'ar zaman lafiya da bakina.

Naki, wanda ba zai buɗe wa wata zuciyarsa ba har a miƙe shi a gaban sahu,

Masahudu