Dalilin da Ya Sa Na Ɗage Ranar Kare Kundina

Madarumfa, tsakiyar damina.

Zuwa ga yayana Hamisu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya zauna, geron Baba na hanyar Sarkin Yamma ya kai ƙugu, tafki ya cika har ya ci gefen lambun su Sama'ila. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, sai dai har yanzu ba ta jin magana, ka hana ta surfe ta ce ita ba a haife ta don zama ba.

Yaya, na rubuto ne maimakon in kira ka domin na san halinka, kafin mutum ya kai rabin magana ka yanke hukunci. Don Allah ka karanta har ƙarshe. Kada ka sayi tikitin motar zuwa gida. Ranar da jami'a ta sa in kare kundina na dakta, ni da kaina na roƙi a ɗage ta, kuma an ɗage.

Ka sha yi mini dariya cewa shekara da shekaru ina karatun abin da ba a iya faɗa da Hausa, to bari in gwada. Wasu siffofi nake nazari da ake kira variétés abéliennes. Mafi sauƙinsu kamar zoben ƙuli-ƙuli yake, sauran kuwa ido ba ya ganinsu, sai lissafi. Dangi-dangi suke zuwa: ka ɗan taɓa lamba ɗaya, siffar ta ɗan sauya ta zama 'yar'uwarta. A dangin da nake aiki a kai, lissafi yana nuna wata alama ta musamman a jikin kowace siffa. Abin da ya daɗe yana ba manya wuya shi ne sanin ko akwai wani zane na gaske kwance cikin siffar wanda ya haifar da alamar, ko kuwa alama ce kawai babu komai a bayanta. Na ɗauki ɗaya daga cikin dangin, mai sauƙin hali wadda ke rabuwa zobe-zobe, na gina zanen a cikinta, na tabbatar. Wannan aikin yana nan daram. A babi na huɗu sai na ce tunda alamar tana bin dangin duka, zanen ma zai bi su.

Mu masu lissafi muna da wata muguwar ɗabi'a. Idan abu ya yi mana kamar ba ya bukatar hujja, sai mu rubuta "a fili yake" mu wuce. Da na zo gida hutu, na ari aji ɗaya a lise, wato makarantar sakandare, ina gwada jawabina da hantsi, ni da allo da bencina. Na zo wurin nan na babi na huɗu, inda ni ma haka na rubuta, na faɗi kalmar da bakina, sai na tambayi kaina me ya sa yake a fili. Na tsaya riƙe da alli har aka kira azahar, ban sami amsa ba. Alamar tana tafiya, gaskiya ne, amma zanen da na gina ba ya motsawa daga inda na gina shi. Yaya, na zauna a benci na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Malaman da aka ba kundin su duba sun riga sun karanta sun amince, ba wanda ya lura. Da na kira malamina na faɗa masa, ya ce na yi daidai, amma in sani tallafin karatuna zai ƙare kafin in gyara. Na ce masa na sani.

A gida ne maganar ta yi zafi. 'Yar'uwarmu Delu ta riga ta raba anko, Baba kuwa ba wanda bai faɗa wa ba a ƙofar masallaci cewa 'yarsa za ta zama dakta bayan kaka. Kawu Ɗan Baba ya taso takanas daga Ɗan Issa, ya ce shi bai taɓa ganin wanda duwan, wato 'yan kwastan, suka sallama ya koma yana roƙon a sake buɗe masa kaya ba, in yi shiru in karɓi takardata, in ya so in gyara daga baya. Na san don ƙauna ya faɗa. Na ce masa ranar nan zan tsaya ne gaban jama'a in ce na tabbatar, alhali na san ban tabbatar ba, kuma wani ɗalibi zai zo ya ɗora nasa aikin a kan nawa.  Tun ranar, in na gaida Baba yana amsawa, amma ya daina ce mini in zauna, kuma wannan ya fi faɗan Kawu ciwo.

Ban zauna haka nan ba. Akwai wani sharaɗi wanda idan zane ya cika shi, dole ya bi dangi duk inda suka yi. Nawa bai cika ba, don haka na fara gina wani, ya kuma fara ba ni haske. Zan koyar a lise in riƙe kaina. Idan ya fito, alhamdu lillahi. Idan ya ƙi, zan cire babin da hannuna in kare abin da na tabbatar kawai, ko da kundin ya rame.

Abu ɗaya nake roƙonka, ka kira Baba, domin maganarka yake ji. Kada ka ce masa na faɗi jarrabawa, kada kuma ka ce masa ƙaramin abu ne. Ka ce masa da na yi shiru, da ya yi ta alfahari da abin da ni kaina nake jin kunyarsa, shi kuwa bai cancanci haka daga gare ni ba.

Ka gaida Farida da Ilyasu da 'yar auta Amina. Inna da Delu suna gaishe ku. Ka sa ni a addu'a, Allah ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Sa'adatu