Bagar ɗin Ammi da Injin Zuƙe Hayaƙi

Tolichowki,
Hyderabad.

Zuwa ga yayata Apa Tahseen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Yaya Sarfaraz da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sawwaƙe muku sanyin Shikago da kike ta kuka da shi. Mu nan jiki lafiya lau. 'Yata Arshiya ta shiga sabon aji, tana ta yi mana iyayi da Turanci, ƙafar innarmu Khala Zubeda ma ta yi sauƙi. Sai dai hankalina ba a kwance yake ba, Apa, kuma ba zan iya faɗa miki a waya ba, kin san uwar tamu Ammi, ko allura ta faɗi a ɗakin nan sai ta ji.

Tun da muka baro tsohon gidanmu na Moghalpura muka dawo benen nan, kicin ya zama ɗan akurki mai taga ɗaya. A can Ammi a tsakar gida take bagar ɗinta, wato soyen kayan ƙamshin miya, hayaƙi ya yi sama abinsa. A nan kuwa, da zarar ta jefa 'ya'yan mastad da busasshen barkono da tafarnuwa cikin tafasasshen mai za ta juye kan dal, miyar waken nan tamu, sai gida ya ɗauki tari har maƙwabta. Mu dariya muke yi, amma matata, Nikhat, ba ta ga abin dariya ba. Asmarta ta tashi, watan jiya sai da na kwashe ta zuwa asibiti tana numfashi da ƙyar. Likita ya ce ko a kafa injin zuƙe hayaƙi a saman murhu, ko a daina bagar. Ki ji fa, a daina bagar a gidan da Ammi take!

Na yi yawon shaguna a Abids har ƙafata ta yi tsami, kowane mai shago da irin waƙarsa. Ɗaya ya nuna min mai raga, na kusa da shi ya kwashe da dariya ya ce wannan na masu dafa ruwan shayi ne, irin man da muke suya da shi zai toshe ragar kafin wata ya mutu. Ya ce girkinmu sai mai lanƙwasassun farantan ƙarfe, wanda maiƙo ke taruwa a ɗan kofi a zubar, faɗinsa ya rufe murhu gaba ɗaya, a kuma fasa bango a fitar da bututu waje. Ke ma da na kira ki cewa kika yi in ɗauki wanda ya fi ƙarfin zuƙa, in daina tsumulmula irin ta Abba. Na ɗauka. Abin da ban tambaya ba, ba kuma wanda ya faɗa min, shi ne ƙararsa. In aka kunna shi sai ki rantse injin niƙa aka shigo da shi ɗaki.

Hayaƙi kam ya tafi, Nikhat ta samu numfashi, alhamdulillah. Amma ranar farko bagar ya ƙone, dal ya yi ɗaci. Na tsokani Ammi na ce ko yau ta fara koyon girki ne. Ba ta yi dariya ba. Kashegari ma ya ƙone, wata rana kuma ta sauke shi ɗanye. Ta ce man ne ba shi da kyau, na canja mai. Ta ce gas ne, na kira mai gyara, ya duba ya ce lafiyar gas ƙalau. Daga nan ta koma cewa wannan dodon da na rataya mata a ka shi ya kore albarkar kicin.

Nikhat ce ta gano abin. Ta tsaya a bayanta, sai ta ga Ammi ba ta ko kallon kasko, karkata kai take yi tana kasa kunne. Apa, Ammi ba ta gani sosai. Ashe an daɗe yanar ido tana rufe mata gani, da kunne take girki. In mastad ya fara tsalle yana fashewa ta san mai ya yi, in ƙarar ta lafa ta jefa tafarnuwa. Injin nan nawa shi ya toshe mata wannan. Da na tambaye ta, ta ce in rufe mata baki, idonta ras yake, yaushe aka haife ni. Na ambaci aikin ido, ta ce ai da ƙafarsa Abba ya shiga asibiti aka fito da shi a ɗauke, ba mai sa mata wuƙa.

Nikhat, baiwar Allah, ta ce a riƙa kashe injin lokacin bagar, ita za ta sauka ƙasa ta jira hayaƙi ya fita. Ammi ta ce Allah ya kiyaye ta kori 'yar mutane daga gidanta saboda cokalin mai, gara ita ta koma Nizamabad wajen Khala Zubeda, can akwai tsakar gida. Kuma ba wasa take ba, har ta sa an sauko mata da akwati. Na ruga shagon ina neman wanda ba ya ƙara. Mutumin ya ce mai shiru ba zai iya da barkonon Hyderabad ba, sai dai irin wanda ake kafa injinsa a bangon waje, masu benen kuwa sun ce ba su yarda ba. Ga ni nan na rasa tudun dafawa, a ofis ma na kasa zama wuri ɗaya.

Shi ya sa na rubuto miki. Maganarki kaɗai take ji. Ki kira ta ki lallashe ta a kan aikin idon nan, in da hali ki zo da kanki ki riƙe hannunta a asibiti. Don Allah kada ki ce min sai yara sun samu hutu, abin ya wuce nan. Jiya da rana ta kira Nikhat kicin, ta miƙa mata ɗan baƙin kaskon bagar da ta zo da shi gidan aure, wanda ko ke ba ta taɓa bari kin wanke ba. Ta ce mata ta kunna dodon ta yi bagar ɗin, tunda ita tana da ido. Sannan ta fito falo ta zauna, ta ɗora hannuwa a cinya. Da aka zuba abinci na yi ta addu'a a raina a ce gishiri ya yi yawa, ko wani abu ya gaza. Dal ɗin ya yi daɗi, Apa. Ammi ta cinye nata tas, ta ce madalla, yanzu ta san in ta tafi ba za mu kwana da yunwa ba.

Ki gaida Yaya Sarfaraz, ki shafa min kan Ruhan da Maheen. Nikhat da Arshiya suna gaishe ku. Ammi ba ta san na rubuto ba.

Ƙaninki,
Moiz